Asabar a Gida: Rana Ɗaya Tak da Ma'aikacin Abuja Ke Iya Kira Tasa

Wanda ya tsaya a kan gadar masu tafiya da ƙafa ta Mararaba da ƙarfe shida na safiyar Litinin zai ga jajayen fitilun bayan motoci a jere kamar carbi, tun daga nan har Nyanya, har hawan Kugbo. In ya koma wurin a daidai wannan lokaci ranar Asabar, zai tarar da titin wayam, sai manyan motocin kaya da 'yan tsirarun motocin haya masu neman fasinja. Mutanen da suka saba cika hanyar ba ƙaura suka yi ba. Sun yi sallar Asuba sun koma sun kwanta, abin da ba su samu sun yi ba tsawon kwana biyar.

A takarda, aikin gwamnati daga ƙarfe takwas na safe ne zuwa huɗu na yamma. Amma ma'aikacin da ke kwana a Masaka, ko Kubwa, ko Lugbe, ko Suleja, ya san cewa ranarsa ta aiki tana farawa ne tun kafin gari ya waye, kuma ba ta ƙarewa sai ya cire takalmi bayan Isha'i. Yana fita yara suna barci, sau da yawa ya dawo sun fara gyangyaɗi. Gidan da yake biya wa haya mafi tsoka a kasafinsa na shekara ya zama masauki kawai, wurin ajiye jiki na 'yan sa'o'i.

Wannan nisa yana da tarihi. Bayan da gwamnati ta tare a Abuja a Disambar 1991, ma'aikata da dama sun zauna a gidajen gwamnati a Garki da Wuse da sauran unguwannin cikin gari. Tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi da gwamnatin Obasanjo ta kawo a 2003, da sayar da gidajen gwamnati da ya biyo baya, su suka rufe wannan babi. Wanda ya samu ya saya ya dace. Wanda aka ɗauka aiki daga baya kuwa, albashinsa ne ya nuna masa hanyar bayan gari.

Duk da haka, da Asabar ranar fita ce. Mai iyali ya ɗebi yara zuwa Millennium Park ko bakin tafkin Jabi, saurayi ya nufi silima, wanda ya bar iyali a Kaduna ya kama jirgin ƙasa a Idu ko Kubwa tun yammacin Juma'a ya sauka a Rigasa. Sai ga 29 ga Mayun 2023. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin cire tallafi ta haura Naira 1,000 a Abuja zuwa Oktoban 2024, kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin wannan shekarar bai kamo ta ba. Mota ta koma zaman kashe wando a ƙofar gida, tafiya ganin iyali ta koma sau ɗaya a wata. Tilas, in ji Bahaushe, ba ta rasa ɗakin kwana. Haka zaman gida ranar Asabar ya shigo wa mutane da yawa, ba da zaɓinsu ba. Abin lura shi ne, wasunsu sun sami wani abu a cikinsa da ba su san sun yi rashinsa ba.

Wuta ce ke tsara jadawali

Babu gidan da ke iya cewa zai yi guga da ƙarfe tara, ya yi markaɗe da ƙarfe goma. Wutar lantarki ce ke da wannan iko. Da zarar fanka ta motsa, yara suka yi ihun an kawo wuta, sai gida ya hargitse kamar ofis ranar da minista zai kawo ziyara: wannan ya jona dutsen guga, waccan ta kunna injin markaɗe, a tura ruwa tanki, a jera wayoyi a caji. Wanda ya ce bari ya gama shan shayi tukuna, shi zai yi gugarsa da gawayi.

Su ma waɗanda ke rukunin Band A, da aka yi wa alƙawarin wutar sa'a 20 a rana, ba su tsira ba. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga musu farashi daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauta, dutsen guga ya zama abin da ake yi wa kallon ɓarawo. Maigida yana guga, ido ɗaya a kan kwalar riga, ɗaya a kan mita.

Sai ruwa. Madatsar Usuma da ke kusa da Ushafa ita ke shayar da cikin gari, amma unguwannin da akasarin ma'aikata ke zaune sun dogara ne da rijiyar burtsatse da kurar mai ruwa. Saboda haka wankin Asabar lissafi ne: jarka nawa za a saya, ruwan ɗauraya na farko a wanke banɗaki da shi, na biyu a goge tsakar ɗaki. Kayan da a da ake ƙulle wa mai wanki da guga ba tare da an ƙirga ba, yanzu rarrabe su ake yi. Shadda da babbar riga, masu buƙatar sitati da bugu, su ne ke fita. Hula ma ta tafi wurin mai wankin hula, domin wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Sauran, daga yunifom ɗin yara zuwa zanin gado, an mayar da su bahon gida.

Tsofaffin ma'aikata za su tuna cewa sharar Asabar ta taɓa zama dole a ƙasar nan. A tsakiyar shekarun 1980, zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka fara ware Asabar ɗin ƙarshen wata don tsaftar muhalli, a hana zirga-zirga da safe, kowa ya fito da tsintsiya da shebur. Yau ba soja a bakin layi, amma kwatar ƙofar gida ba ta daina cika ba.

Akwai wani daɗi a cikin waɗannan ayyuka da ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin darajarsa, ko da bai taɓa furtawa ba. Aikinsa na ofis ba shi da ƙarshen da ido ke gani. Takardar da ya rubuta ranar Talata ta hau sama, ta dawo da jan biro, ta sake hawa, ta kwanta a teburin wani da ya tafi taro. Fayil ɗin da ya buɗe a watan Maris yana iya riskar Disamba bai motsa ba. Wani ya yi shekara talatin da biyar yana aiki, ya yi ritaya, bai iya nuna abu guda da yatsa ya ce wannan ni na fara shi, ni na gama shi. Rigar da ya wanke da safe kuwa, ga ta can a kan igiya tana bushewa. Famfon da ke ɗiga tun makon jiya ya daina. An canja wa janareta baƙin mai, ya tashi da ja ɗaya. Ba wanda zai sa hannu, ba wanda zai mayar masa da shi don gyara. Watakila shi ya sa ake ganin babban jami'i, wanda masinja ke ɗaukar wa jaka duk mako, ya ɗaura tsohon wando ya tsuguna yana wanke tayar motarsa, ga yara masu yi a kan kuɗi kaɗan a bakin layi.

Hutun wa?

A nan ne maganar ke da ƙaya. Idan aka ce gida ya huta ranar Asabar, ya kamata a tambayi wane ne a gidan ya huta.

Macen da ke aiki a Sakatariyar Tarayya hanya ɗaya take bi da mijinta, cunkoso ɗaya suke sha, sau da yawa ma a mataki ɗaya suke na albashi. Amma Asabar ɗinta ba irin tasa ba ce. Da sassafe ta nufi kasuwar Orange a Mararaba, ko Dei-Dei, ko Utako, domin cefanen mako. Ta dawo da kwandon tumatir da tattasai da attarugu, a wanke, a markaɗa, a tafasa har ya tsotse. Ta haɗa miya kala biyu ko uku, ta rarraba a robobi, ta jera a firiza tana addu'ar kada a ɗauke wuta kwana biyu a jere, domin in haka ta faru, wahalar yini guda da kuɗin mako guda ne za su tafi bola. Tsakanin wannan da wancan akwai shirya yara zuwa Islamiyya, akwai tsefe kan 'yan mata da kai su kitso, akwai aikin gida da malamai suka ba su wanda ba wanda ya duba tun Laraba. A gidajen Kirista kuma ga shirin coci na gobe, da kayan da za a sa.

Da a Zariya ne ko Katsina ko Gombe, da wuya ta yi wannan ita kaɗai. Akwai ƙanwar miji, akwai 'yar riƙo, akwai kaka da za ta goya jariri, akwai maƙwabciyar da za a miƙa wa yaro ta kan katanga. Abuja ta kwashe wannan duka ta bar mata ɗaki biyu da falo, da maƙwabtan da ba ta san sunansu ba. 'Yar aiki kuwa, ko an samu, albashinta da cinta wani nauyi ne da ba kowane gida ke iya ɗauka yanzu ba.

Abin mamaki, mazan Abuja ba su jahilci aikin gida ba. Da yawansu sun yi shekaru suna zaman gwauro a ɗaki ɗaya a Karu ko Dutsen Alhaji kafin su ɗauko iyali. Sun wanke kayansu, sun dafa taliya, wasu har tuwo sun iya tuƙawa. Ranar da uwargida ta tare, sai ilimin ya gudu, kamar an shafe allo. Alhali kuwa ba sai an je nesa neman hujja ba: a karatun da yaransu ke yi a Islamiyya akwai ruwayar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, in lokacin sallah ya yi ya fita. Gidajen da aka raba aikin, maigida ya ɗauki guga da shara da kai yara, su ne gidajen da ake zama kallon fim da La'asar kowa idonsa biyu. A sauran, uwargida tana zama a kujera ne kawai, kafin a gama nuna sunayen 'yan wasa barci ya ɗauke ta.

Daga kaset zuwa waya

Bayan Azahar, an ci abinci, kaya sun bushe, sai a juya ga talabijin. A nan ma akwai siyasa. Maigida yana son ƙwallon Firimiyar Ingila, uwargida tana bin wani shiri mai dogon zango na Zee World, yara suna son katun. Wanda rimot ke hannunsa shi ne gwamna, sai dai wa'adinsa ba ya daɗewa.

Ma'aikatan da ke tsakiyar shekarun aikinsu yanzu, tare suka girma da fim ɗin Hausa. Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin na farko a kaset ɗin bidiyo, ya fito ne a Kano a 1990. Suna samari da 'yan mata aka yi zamanin Sangaya da Wasila, lokacin da ake karɓo kaset haya a shago, a taru a gidan da ke da bidiyo, yaran unguwa su cika taga. Sun yi dariya da Rabilu Musa Ibro har rasuwarsa a Disambar 2014. Kafin wannan duka akwai fim ɗin Indiya, wanda ya shigo silimomin Arewa tun shekarun 1950, ya zauna daram har 'yan kallo suka raɗa wa jarumansa sunayen Hausa. Yau shi ma yana magana da Hausa, ta bakin masu fassara irin su Algaita.

Abin da ya sauya shi ne tsawo da hanyar isowa. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shiri mai dogon zango ya ture fim ɗin sa'a biyu. Daɗin Kowa, Gidan Badamasi, Labarina, da Izzar So da ya yi suna a YouTube, duk mako-mako suke fitowa, kuma ma'aikacin da cunkoso ya hana shi gani a ranar da aka saki, Asabar yake haɗa bashin ya biya. Hadiman 'yan siyasa kuwa suna da nasu na musamman. Kwana Casa'in, da ke nuna yadda ake ƙulla siyasa da warware ta a garin Alfawa, shiri ne da wasu ke kallo suna murmushin da iyalinsu ba su gane dalilinsa ba.

Kallon ma da kuɗinsa. Farashin DStv da GOtv ya yi ta hawa, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Don haka dabaru suka yawaita: a sauke fim da tsakar dare lokacin da data ta fi araha, ko a biya wurin masu turi a kasuwa su cika waya da 'yan kuɗi kaɗan, ko da yake wannan na biyun masu shirya fim ɗin ne ke kwana a ciki.

Amma ga iyalin Bahaushe a Abuja, wannan zama na falo ya wuce nishaɗi. Yaron da aka haifa a Kubwa ko Gwarinpa, Turanci yake yi a makaranta, buroka a layi, iyayensa kuma ba su nan yawancin sa'o'in da yake a farke. Ba kakar da za ta yi masa tatsuniya, ba dandali. Sau da yawa a fim yake fara jin yadda ake gaida surukai, yadda ake zaman makoki, abin da ake nufi da kunya da kara. Nan ne zai juyo ya tambayi mahaifinsa ma'anar wata karin magana, uban ya fara bayani, ya tsinci kansa yana ba da labarin garinsu. Ba a ce duk abin da Kannywood ke nunawa abin koyi ba ne; akwai shirme, akwai jan labari ba gaira ba dalili. Sai dai gyaran da uba zai yi yana zaune kusa da ɗansa, shi ma darasi ne. Wannan kuwa ba ya samuwa a gidan da kowa ya shige ɗakinsa da wayarsa, mutum biyar suna kallon abu biyar, falo ya zama kango.

Wayar oga

Abu biyu ne ke cinye Asabar ɗin ma'aikaci. Na farko katin gayyata. Ɗaurin auren 'yar darakta, walimar ƙarin girma, sunan ɗan abokin aiki, taron ƙungiyar 'yan gari. Kowanne da ankonsa da gudummawarsa da man motarsa, kuma a garin da ake lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba, rashin zuwa magana ce. Mutane sun fara koyon aika saƙon taya murna da ɗan abin da ya samu ta banki, su yi zamansu. Har yanzu dai da ɗan jin nauyi ake yin hakan.

Na biyu ya fi wuyar kaucewa. Majalisar Dokoki ta Ƙasa tana zama ne daga Talata zuwa Alhamis, wanda ke nufin ƙarshen mako shi ne lokacin mazaɓa: ta'aziyya, ɗaurin aure, rabon kayan tallafi, ganawar dare. Hadimin sanata ko na minista, da direba, da jami'in tsare-tsaren tafiya, Asabar ɗinsu ba tasu ba ce sai in oga ya yi tafiya ƙasar waje, wani lokacin ma ko ya yi. Su kuma na ma'aikatu, WhatsApp ya rushe katangar da ke tsakanin ofis da gida. A da, in aka kulle ofis ranar Juma'a, fayil yana ciki sai Litinin. Yanzu fayil ɗin yana aljihu.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi hutun yini guda cur a cikin kowane kwana bakwai, sai dai ma'anar da ta ba kalmar ma'aikaci ta fitar da jami'an da ke riƙe da aikin gudanarwa da na ƙwararru. Faransa ta kafa doka tun 2017 da ta ba ma'aikaci 'yancin rabuwa da saƙonnin ofis bayan tashi. A Abuja, hadimin da ya kashe wayarsa ranar Asabar ya san akwai mutum goma da ke jiran kujerarsa, kuma ba wanda zai kashe tasa a cikinsu. Saboda haka ko a ranar da ta fi kowacce lafawa, wayar tana kan hannun kujera, fuskarta sama, kuma duk gidan sun san sautin da aka ware wa lambar oga.

A irin wannan gida, da misalin ƙarfe tara na dare, kaftani biyar na rataye a bayan ƙofa, a goge, na Litinin zuwa Juma'a. Robobin miya sun fara ƙanƙara. Ƙaramar yarinya ta yi barci a cinyar uwarta da sabon kitso, ana kashi na uku na shirin da aka tara. Sai wayar ta yi haske. Maigida ya duba, ya miƙe, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Daga falo ana jiyo shi yana cewa, "To, ranka ya daɗe. Ƙarfe bakwai, a filin jirgi. In sha Allahu." Uwargida ta danna rimot ta tsayar da fim ɗin. Da ya fito bai ce komai ba, ya ciro kaftanin Litinin daga bayan ƙofa ya shimfiɗa a kan kujera, sannan ya koma mazauninsa ya ce a ci gaba.